SAYEN TSOHUWAR MOTA DAGA WAJE: KUƊIN FITO, HAYAƘI DA RAJISTA

Gabatarwa

Galibin motocin da mutanenmu suke saye ba sababbi ba ne. Motoci ne waɗanda aka riga aka yi amfani da su a Turai ko Amurka, sa'an nan aka yi jigilarsu zuwa nan, watau waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano. Wani rahoto na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci tsofaffi miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 80 cikin ɗari sun tafi ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici.

Sau da yawa mutum yakan tara kuɗinsa shekara da shekaru, ya sayi mota, sai ranar da ya je rajista ya tarar da cewa ya sayi wahala. Manufar wannan takarda ita ce a nuna wa mai saye abubuwan da ya wajaba ya bincika tun kuɗinsa suna aljihunsa. Mun ɗauki misali da mutumin da ke zaune a Minna, babban birnin Jihar Neja, amma bayanin ya shafi kowa a ko'ina cikin Tarayya.

Me ya sa ake tsananta wa tsohuwar mota?

Dalili shi ne lafiyar jama'a. Hayaƙin mota yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ko wari, tana hana jini ɗaukar iskar da ke rayar da jiki. Yana kuma ɗauke da ƙananan ɓurɓushi masu shiga can cikin huhu, su tsananta asma da tari da ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a duniya a 2019. Waɗanda suka fi shaƙar wannan hayaƙi su ne masu talla a tasha, da 'yan makaranta, da masu shaguna a bakin titi, da direban kansa.

Saboda haka aka kafa Hukumar Kula da Ƙa'idojin Muhalli ta Ƙasa, NESREA, a 2007, kuma a 2011 aka fitar da dokar ƙayyade hayaƙin motoci masu amfani da fetur da man gas. A watan Fabrairu na 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka taru a Wagadugu, suka amince cewa motar da za a shigo da ita yankin ta cika ma'aunin hayaƙi na Yuro 4, watau wanda Turai ta fara aiki da shi a 2005. Sun kuma amince a rage farar wutar da ke cikin mai, domin gurɓataccen mai yana lalata kayan tace hayaƙi.

Abu na farko: shekarun mota

Cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta hana shigowa da su akwai motar da ta haura shekara 12 daga shekarar ƙira. A da iyakar shekara 15 ce. Kada a dogara da maganar dillali ko ƙyallin fenti. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake gani a ƙasan gilashin gaba ko a jikin ƙofar direba, kuma da ita ake gane ainihin motar da lokacin ƙirarta. A gwada lambar da ke jikin mota da wadda ke cikin takarda, harafi bayan harafi. In sun saɓa ko da a wuri ɗaya ne, a fasa cinikin.

A kuma lura da sitiyari. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma bin hannun dama, don haka motar da ta dace da hanyoyinmu ita ce mai sitiyari a hagu.

Abu na biyu: takardun kwastam

Jihar Neja ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin ta wajen Babanna, a ƙasar Borgu, shi ya sa mutumin Minna yakan gamu da motar da aka yi masa tayi da araha fiye da ƙima. Araha irin wannan abin tuhuma ce. Daga ranar 1 ga Janairu, 2017, Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, aka mai da harkar tashoshin jiragen ruwa irin na Legas. Motar da aka yi fasa-ƙwaurinta ba ta zama halal don ta sauya hannu. In jami'an kwastam suka kama ta, wanda take hannunsa shi ne zai yi hasara.

Wajibi ne mai saye ya karɓi takardun biyan kuɗin fito na asali, ya kai su ofishin kwastam da ƙafarsa a tabbatar masa da su. Tun 2022 Kwastam ta fara ƙiyasta kuɗin fito ta hanyar lambar shasi, kuma ana ajiye bayanan a kwamfuta, saboda haka takardar jabu ba ta da wuyar tonuwa.

Abu na uku: salansa da launin hayaƙi

A cikin bututun salansa akwai wata tukunya mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wadda makanikai suke kira indomi. An shafe cikinta da ƙarafa masu tsada, kuma aikinta shi ne ta sauya iska mai guba ta koma marar cutarwa sosai kafin ta fita. Saboda tsadar ƙarafan, akan cire ta a sayar, wani lokaci tun kafin mota ta iso hannun mai saye. Wasu kuma sukan ce cire ta yana ƙara wa mota ƙarfi. Abin da yake ƙaruwa dai shi ne guba da ƙara.

A je da amintaccen makanike ya shiga ƙarƙashin mota ya duba ko an yanka bututun an yi walda. Sa'an nan a tayar da inji, a kalli hayaƙi:

1. Shuɗin hayaƙi alama ce ta cewa inji yana ƙona baƙin mai, galibi saboda ringi ya ci.
2. Baƙin hayaƙi yana nuna mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, watau kuɗi ne suke fita ta salansa.
3. Farin hayaƙi mai kauri wanda bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi yana nuna ruwa yana shiga inji.

Matakan rajista

Idan waɗannan abubuwa uku sun yi daidai, sauran aiki mai sauƙi ne. Mai mota zai tafi ofishin lasisin motoci da ke ƙarƙashin Hukumar Tara Haraji ta Jihar Neja, riƙe da takardun kwastam, da rasidin saye, da shaidar ko shi wane ne. Jami'an duba lafiyar motoci, waɗanda aka fi sani da VIO, za su duba burki da tayoyi da fitilu da hayaƙi kafin su ba da takardar shaidar lafiyar mota. Za a shigar da bayanan motar cikin kundin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, a ba da lamba da lasisi. Dole ne kuma a yi inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, wadda aka mai da kuɗinta Naira 15,000 a shekara ga motar gida daga Janairun 2023. A biya kowane kuɗi ta hanyar hukuma, a karɓi rasidi, a guji 'yan kamasho da ke tsaye a bakin ofis.

Jan kunne

Rajista ba ita ce ƙarshen aiki ba. A riƙa juye baƙin mai a kan lokaci, a sauya fulogi da matatar iska, a sayi mai a gidan mai sananne, a kuma sabunta takardu kowace shekara. Kada a bar inji yana aiki a cikin rufaffen gareji, domin wannan iska mai guba takan kashe mutum ba tare da ya farga ba. Iskar da motarka take gurɓatawa ita 'ya'yanka suke shaƙa. A bincika kafin a biya, domin rigakafi ya fi magani.