Ruwa a ƙirji: daga ina yake zuwa?

Lokacin hunturu ana yawan kukan suka a haƙarƙari, wadda ke ƙaruwa in an ja numfashi ko an yi tari. Wani in ya je likita sai a ce masa ruwa ya taru a ƙirjinsa. To, mene ne wannan ruwa?

Huhu yana lulluɓe da wata siririyar tantani mai ninki biyu: ɗaya manne da huhun, ɗaya da bangon ƙirji. Tsakaninsu akwai ɗan danshi da ke sa su zame wa juna ba ciwo. In tantanin ta kumbura sai su riƙa gogar juna, shi ne sukar. In kuma ruwa ya taru tsakaninsu, sai ya danne huhu, numfashi ya yi wuya.

A ƙasashenmu, babban mai kawo shi, musamman ga matasa, shi ne tarin fuka. Alamunsa: tarin da ya wuce sati 2, zazzaɓin marece, zufar dare, rama. Masu dawowa daga haƙar zinariya a Jado su kiyaye, don ƙurar dutse na buɗe masa hanya. Sai limoniya, wadda in an yi sakaci ruwan kan koma mugunya, yawanci ga yara.

Ciwon zuciya, na ƙoda da na hanta su ma suna tara ruwan, galibi tare da kumburin ƙafafu. Mai jego da ke haki ba ta iya kwanciya, kar a ce jego ne kawai: tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta ciwon zuciyar bayan haihuwa da yawan kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta. Ga tsofaffi kuma akwai ciwon daji.

Ƙaho da sakiya ba sa kai ga wannan ruwa, yana can bayan haƙarƙari. A fara da CSI mafi kusa. In ta kama, a tura mutum asibitin Tasawa, Mayahi ko Maraɗi a ɗauki hoton ƙirji, a zuƙi ruwan da allura a auna. Ko an zuƙe, zai iya dawowa muddin ba a magance tushen ba.

Maganin tarin fuka kyauta ne a Nijar, wata 6 ake sha ba tsallakewa. Ƴan uwa na cirani, in an kira ku kan irin wannan ciwo, kuɗin mota zuwa asibiti za ku fara aikowa. Allah ya ba mu lafiya.