Yadda A Ke Koya Wa Ɗan Kwikwiyo Wasan Tsalle Da Guje-guje

Mutanen ƙasarmu sun san kare da aiki uku, watau farauta, da gadin gida, da tsaron garke. Amma a ƙasar Ingila akwai wani wasa da a ke yi da karnuka, wanda Turawa su ke kira ajiliti, ma'anarsa kuwa zafin nama. A kan kewaye fili, a jera waɗansu abubuwa a ciki, kare ya bi su ɗaya bayan ɗaya a guje. Wani ya tsallake, wani ya hau, wani ya shige ta cikinsa. Ubangidansa yana gudu a gefe yana nuna masa hanya da murya da hannu kaɗai.

Ko ba ka da niyyar shiga wannan wasa, ya kamata ka san hanyar da masu yinsa su ke bi wajen horon kare. Gama hanya ce wadda babu duka a cikinta, kuma tana da amfani ga maharbi da makiyayi da mai gadi. Akwai kuma haɗari a ciki wanda ya kamata a sani tun da wuri: wanda ya yi wa ɗan kwikwiyo gaggawa, ya kan nakasa shi har iyakar ransa.

ASALIN WASAN

A shekara ta 1891 wani Bature mai suna Charles Cruft ya kafa babban taron nunin karnuka a birnin Landan. Har yanzu ana yin taron kowace shekara, ana kiransa Crufts. Tun daga 1991 a birnin Birmingham a ke yinsa.

To, da taron 1978 ya matso, sai aka ɗora wa wani daga cikin masu shirya shi, John Varley, nauyin nemo abin da zai ɗebe wa 'yan kallo kewa a tsakanin gasa da gasa. Shi kuwa ya san wasan tsallen dawaki. Sai ya nemi wani gwanin horon karnuka, Peter Meanwell, suka tsara wa karnuka irinsa. Mutane suka gani, abin ya ƙayatar da su ƙwarai. A 1980 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Ingila ta karɓi wasan, ta sa masa dokoki. A 1986 aka kafa ƙungiyarsa a Amurka, a 1996 kuma aka yi gasar duniya ta fari a ƙasar Suwizalan.

Karen da ya fi yin suna a wasan shi ne Border Collie, karen makiyayan tumaki na kan iyakar Ingila da Sukotilan. Amma kowane kare mai lafiya ya kan iya koyo, babba ko ƙarami.

ABUBUWAN DA KE CIKIN FILI

A kan jera abubuwa wajen 20, kowane da lambarsa. Ga manyansu.

Na ɗaya, sandar tsalle. A kan gitta ta a kan turaku biyu, ba a ɗaure ta, domin in kare ya taɓa ta faɗi. Tsawonta daga ƙasa ya kan kama daga santimita 30 ga ƙananan karnuka zuwa 60 ga manya. Santimita 60 kuwa kimanin ƙafa biyu ke nan.

Na biyu, kogo. Wani bututu ne mai faɗi na tufa mai kauri, ana iya lanƙwasa shi. Kare ya shiga ta baki ɗaya ya fita ta ɗayan.

Na uku, turaku 12 a jere, tsakanin kowane biyu santimita 60. Kare ya kan bi tsakaninsu yana karkata dama da hagu kamar tafiyar maciji. Tilas ya shiga da turken fari a kafaɗarsa ta hagu.

Na huɗu, tudun katako. Allo biyu ne masu faɗi aka haɗa kawunansu kamar rufin kwano, tsawonsa wajen mita 1 da santimita 70.

Na biyar, siririyar gada, faɗinta kimanin ƙafa ɗaya.

Na shida, katako mai rinjaya. An ɗora tsakiyarsa a kan madogari, in kare ya hau ya wuce tsakiya sai ya rinjaya da shi zuwa ƙasa.

Waɗannan uku na ƙarshe an shafa wa ƙarshensu wani launi dabam. Dole ƙafar kare ta taka wurin launin kafin ya sauka. An sa wannan doka domin kada ya riƙa dirowa daga bisa ya ji ciwo.

Akwai alƙali a fili, akwai mai duba agogo. In kare ya ka da sanda, ko ya tsallake wurin launi, ko ya ƙi abin da aka nuna masa, a kan rubuta masa laifi 5. Wanda ya gama ba laifi, ya kuma fi sauri, shi ya ci. Ba a yarda ubangida ya taɓa kare ba, ba igiya, ba abinci a hannu. Ka ga ashe abin da a ke gwadawa shi ne jituwar da ke tsakanin mutum da karensa.

DALILIN DA YA SA BA A GAGGAWA

Ƙashin ɗan kwikwiyo bai gama ƙosawa ba. Kusa da kan kowane dogon ƙashi na ƙafarsa akwai wani wuri mai taushi, na guringuntsi, daga nan ne ƙashin ya ke ƙara tsawo. Wurin nan ba ya taurara sai kare ya kai kamar shekara ɗaya, manyan karnuka kuwa har wata 18. In aka sa shi yawan tsalle da dira tun wurin yana ɗanye, ya kan ji rauni. Daga nan ƙafar ta girma a karkace, ko ta fi 'yar'uwarta gajarta, kare ya zama gurgu.

Saboda haka dokar Ingila ta hana kare shiga gasa sai ya cika wata 18. Amma wannan bai hana a fara koya masa waɗansu abubuwa tun yana ƙarami ba. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Sai dai duk abin da za a koya masa a shekarar fari, a ƙasa za a yi shi.

LAFIYA TUKUNA

Kada ka raba kwikwiyo da uwarsa sai ya yi mako 8. Da ka karɓe shi, ka kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa alluran rigakafi, a ba shi maganin tsutsar ciki, a raba shi da kaska da ƙuma. In ya cika wata 3 a yi masa allurar ciwon haukan kare, a riƙa sabunta ta yadda likita ya ce.

Kada ka yi wasa da wannan. Ciwon haukan kare ya kan kama mutum ta wurin cizo, in kuwa alamunsa suka bayyana, da wuya ƙwarai a tsira. Kowa kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sa'an nan ya tafi asibiti a ranar. Kai kuma ka riƙa wanke hannu bayan kowane horo.

YADDA KARE YA KE KOYO

Kare ba ya jin Hausa, ba ya jin Turanci. Abin da ya sani shi ne, duk abin da ya yi ya sami daɗi, ya kan so ya sake. Wannan shi ne tushen horon duka.

Ka tanadi lada, watau 'yan gutsattsarin dafaffen nama ko hanta, kowane kamar ƙwayar wake. Kada a sa yaji ko albasa, gama albasa tana ɓata jinin kare. Sa'an nan ka zaɓi kalma ɗaya ta yabo, kamar "Yauwa!" Da ya yi daidai, nan take ka ce "Yauwa!" ka miƙa masa lada. In ka jinkirta ko kaɗan, ba zai san abin da ya jawo masa ladan ba.

In ya yi kuskure, kada ka doke shi, kada ka daka masa tsawa. Ka hana lada kawai, ka sauƙaƙa abin, ku sake. Karen da ya saba shan duka ya kan yi ɗari-ɗari da ubangidansa, ya riƙa duban hannunsa maimakon duban hanya. Irin wannan ba ya gudu da zuciya ɗaya, ko a fili ko a daji.

Hankalin kwikwiyo gajere ne kamar na yaro. Minti 3 zuwa 5 sun isa, sau biyu ko uku a yini. Ka tsaya tun yana marmari.

DARASI NA FARI: WATA 2 ZUWA 6

Ka fara da sunansa. Ka kira shi, in ya waiwayo ka ba shi lada. Bayan wannan sai "Zo." Kada ka kira shi domin ka hore shi, gama gobe ba zai zo ba.

Sa'an nan "Zauna." Ka riƙe lada a bisa hancinsa, ka ja hannu baya kaɗan ta kan kansa. Yana ɗaga kai sai gindinsa ya sauka. Ka faɗi kalmar, ka yaba, ka ba shi. Haka za ka koya masa "Kwanta," ta wurin kai lada ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Daga nan sai "Tsaya." Ka ja da baya taki ɗaya ka komo ka ba shi, gobe taki biyu, har ya iya jira sai ka ce "Je ka."

A wannan lokaci kuma ka sabar da shi da mutane, da awaki, da kaji, da ƙarar mota, a hankali. Abin da kare ya saba da shi a watanninsa na fari, ba safai ya kan ji tsoronsa ba in ya girma.

DARASI NA BIYU: WATA 6 ZUWA SHEKARA

Kayan wannan darasi duk akwai su a gida.

Ka shimfiɗa karan dawa huɗu ko biyar a ƙasa, da tazara, ka bi da shi ta kansu yana takawa sannu. Ko ka kwantar da tsani ya bi ta tsakanin matakansa. Wannan ya kan koya masa lura da ƙafafunsa na baya, gama kwikwiyo bai cika sanin inda ya ke ajiye su ba.

Ka kafa turmi a tsakar gida, ka koya masa kewaya shi ta dama da ta hagu. Ka riƙa tafiya da shi wani lokaci a damanka, wani lokaci a hagunka, domin ya iya bin kowane hannu.

Ka sami tsabtatacciyar ganga wadda aka fasa gindinta, aka daddale bakinta, ka tokare ta kada ta mirgina. Wani ya riƙe kwikwiyon a baki ɗaya, kai ka tsuguna a ɗayan ka kira shi. Kada ka tura shi ciki. In ya ji tsoro, ka ajiye lada a bakin gangar, gobe ka matsa da shi ciki kaɗan.

Ka shimfiɗa katako mai faɗi a ƙasa ya bi ta kansa. Ka koya masa tsayawa a ƙarshe, ƙafafun gaba a ƙasa, na baya a kan katako, sai ka sallame shi. Wannan ne zai hana shi dirowa daga gada nan gaba. In ya saba, ka sa ƙaramin dutse a ƙarƙashin tsakiyar katakon, tsawon yatsa biyu, domin ya saba da abu mai motsi a ƙarƙashinsa.

Tsalle kuwa, ka kafa turaku biyu ka kwantar da sanda a ƙasa tsakaninsu. Ya iya wucewa ta tsakani tukuna.

DARASI NA UKU: BAYAN SHEKARA

In ya cika shekara, likita kuma ya duba shi ya ce ƙashinsa ya ƙosa, sai ka ɗaga sanda kamar faɗin tafin hannu. Ka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, mako bayan mako. In ya fara ka da ita, ka mayar ƙasa. Kada ka ɗaure sandar ko ka kafe ta da ƙusa.

Turaku 12 su suka fi wuya, suna kuma wahal da gadon baya, shi ya sa a kan bar su sai ƙarshe. Ka kafa su layi biyu, shida shida, ba daura da juna ba, ka bar lungu a tsakani wanda zai bi a miƙe. Kowane 'yan kwanaki ka matso da layukan kusa, har su zama layi ɗaya. A lokacin nan jikinsa ya riga ya koyi karkatawa da kansa.

Bayan haka sai ka haɗa abu biyu, sa'an nan uku, sa'an nan biyar. Ka sani kare ya fi bin kafaɗarka da ƙafarka bisa ga muryarka. In bakinka ya ce dama, jikinka kuwa ya fuskanci hagu, hagu zai tafi, laifin kuma ba nasa ba ne.

WURI DA LOKACI

Ka zaɓi wuri mai ciyawa ko ƙasa mai taushi, ka share ƙaya da ƙarangiya da fasasshiyar kwalba. Kada a yi a kan siminti ko wuri mai santsi.

Ingila ƙasar sanyi ce, tamu kuwa ta zafi, saboda haka sai ka ƙara lura. Kare ba ya yin gumi a jiki kamar mutum, da haki ya ke fid da zafi. Ka yi horo da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, balle da bazara. Ka ɗora bayan hannunka a ƙasa, in ba ka iya jurewa ba, shi ma tafin ƙafarsa ba zai jure ba. Ka ajiye ruwa kusa. Kada ka sa shi gudu da cikakken ciki. Kafin ku fara, ku ɗan zaga jikinsa ya saki.

In ka ga yana ɗingishi, ko hakinsa ya yi yawa, ko ya ƙi abin da ya saba yi da murna, ka dakata. Sau da yawa abin da mutane su ke kira taurin kai ciwo ne. In ɗingishin ya kwana, ka kai shi wurin likita.

ABIN DA ZA KA RIƘE

Allura kafin horo. Lada nan take, ba duka. Darasi gajere, kowace rana. Ba tsalle sai ƙashi ya ƙosa. Wanda ya kiyaye waɗannan huɗu, ko da bai taɓa ganin filin gasa ba, zai sami kare mai zuwa in an kira shi, mai tsayawa in an tsai da shi, mai ƙafafu lafiyayyu har tsufansa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.