Ciwon Shugaba Ba Nasa Ba Ne Shi Kaɗai

Ran 2 ga watan Oktoba 1919, Shugaban Amurka Woodrow Wilson ya yanke jiki ya faɗi a fadar White House da ke birnin Washington, barin jikinsa na hagu ya shanye. Uwargidansa Edith da likitansa Cary Grayson suka rufe maganar, har mataimakinsa Thomas Marshall ma ba a yi masa cikakken bayani ba. Wata da watanni Edith ce ke zaɓen takardar da za ta kai gabansa da baƙon da zai gan shi.

A daidai lokacin Majalisar Dattijai na muhawara a kan shigar Amurka ƙungiyar ƙasashen da ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya. Wilson ya kafe, ya ƙi sassautawa ko kaɗan, majalisa kuwa ta ƙi amincewa a 1919, ta sake ƙi a 1920. Masana tarihi da dama na ganin ciwon ne ya ƙara masa taurin kai, domin shanyewar jiki kan taɓa ƙwaƙwalwa har mutum ya kasa gane raunin kansa.

Magani ma yana da nasa haɗarin. Shugaba John Kennedy ya yi fama da cutar Addison, wadda ke hana jiki samar da wasu sinadarai masu muhimmanci, ga kuma ciwon baya, amma aka nuna wa jama'a shi lafiyayyen matashi ne. Ban da maganin kotizon da yake sha, wani likita, Max Jacobson, yana yi masa allurai masu ɗauke da amfetamin. Wannan ƙwaya takan kori barci, ta sa mutum jin ba wanda ya fi shi, daga baya ta bar shi a gajiye. Jacobson ya raka shi Biyana a watan Yuni 1961 wajen ganawa da Khrushchev na Tarayyar Sobiyet, inda Kennedy da bakinsa ya yarda an fi ƙarfinsa. Har yanzu masana na gardama a kan rawar da alluran suka taka.

A 1967 Amurka ta yi wa tsarin mulkinta gyara na 25, wanda ya ba mataimakin shugaba da mafi yawan ministoci ikon bayyana cewa shugaba ya gaza. Nijeriya ma ta ɗanɗana irin wannan: an tafi da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa jinya Saudiyya a Nuwamba 2009, sai a Fabrairu 2010 Majalisar Tarayya ta ba Goodluck Jonathan riƙon ƙwarya.

Ciwo ba abin kunya ba ne, kowa na iya kwantawa. Ɓarnar tana cikin ɓoyewa, domin a lokacin mulki kan koma hannun iyali da likitoci da fadawa, waɗanda ba wanda ya zaɓe su, doka kuwa ba ta aiki sai na kusa da shugaba sun yarda su faɗi gaskiya.