Tsibiran Hebrides da Sha'anin Ƙasar Gado

A can arewa maso yammacin ƙasar Sikotlan, inda Tekun Atlantika ke dukan duwatsu dare da rana, Allah cikin ikonSa Ya jera waɗansu tsibirai da ake kira Hebrides na Waje, tsawonsu ya kai mil 130, tun daga Luwis da Haris a arewa har zuwa Uwist da Bara a kudu. Jama'arsu ba su wuce 27,000 ba, kusan rabinsu kuwa har yau da harshen Gelik suke magana, wanda ba shi da kusanci da Ingilishi. Alkaryarsu guda ce, watau Sitonowe. Sauran ƙauyuka ne a gaɓar teku, domin tsakiyar Luwis fadama ce mai baƙar laka, wadda suke yankawa su shanya su yi makamashi da ita saboda ƙarancin itace.

Sarakunan Norwe ne suka mallake su har shekarar 1266, sa'an nan suka koma hannun Sikotlan. Amma musibar da ta fi zama a zukatan mutanen ita ce ta ƙarni na 19, yayin da masu ƙasa suka ga kiwon tumaki ya fi kuɗin hayar talakawa riba, suka tashe su daga gonakin kakanninsu, aka loda da yawa cikin jiragen ruwa zuwa Kanada, alhali ba su aikata laifin kome ba.

Wannan tabo ne attajiri Lord Leverhulme ya kasa fahimta. Mai karatu ya san shi ko bai san sunansa ba, gama kamfaninsa na sabulu ne ya sayi Kamfanin Neja a 1920, wanda daga bisani ya shiga cikin UAC, kamfanin da a da yake sayen gyaɗa a Kano. Ya sayi Luwis a 1918 da niyyar kafa masana'antun kifi, ya mai da manoma ma'aikatan albashi. Sojojin da suka komo daga Yaƙin Duniya na Farko kuwa, waɗanda aka yi wa alkawarin filaye, suka ce gona suke so, har suka mamaye waɗansu manyan gonaki. A ganina ba jahilci ba ne, domin wanda aka kori kakansa ba ya amincewa da arzikin da ke hannun mutum ɗaya.

Da al'amarin ya gagara, a 1923 ya yi wa jama'ar Luwis tayin tsibirin kyauta. Yankin Sitonowe ya karɓa, kuma har yanzu majalisar amintattu da mazauna ke zaɓa ita ke riƙe da wannan ƙasa.