Layi biyu, ƙofa ɗaya: abin da ke sa intanet ta ɓata hanya

A ranar 30 ga watan Satumba na 2025 kamfanin AOL na Amurka ya rufe sashensa na shiga intanet ta layin talho, bayan shekaru fiye da 30. Wanda duk ya zauna a sibar ta Maraɗi ko Damagaram a farkon shekarun 2000 bai manta da kukan modam ba, da yadda ake zura wa allo ido ana jiran shafi ɗaya ya buɗe alhali mintoci suna tafiya. A wancan lokaci Sonitel ce ke riƙe da layukan talho na ƙasa, kafin a haɗe ta da SahelCom a 2016 su zama Niger Telecom. Modam mafi gudu, mai tsarin V.90 na 1998, ba ya wuce kilobit 56 a daƙiƙa, kuma a kan tsohuwar waya da wuya ya kai haka.

Kukan ya wuce, amma wata matsala da ta zo da shi tana nan. Ita ce ta mutumin da ya haɗa kwamfuta ɗaya da kamfanoni biyu don ya huta da yankewar rezo, sai ya tarar ya sayo wa kansa ciwon kai. Ko kile ɗin intanet da kamfanonin salula suka kawo daga baya, da yawansu kiran lamba suke yi, wato *99#, da tsarin PPP iri ɗaya da na tsohon modam.

Ga yadda abin yake. Duk saƙon da zai fita daga kwamfuta ana yanka shi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa. Kwamfuta tana da jadawalin hanyoyi, kamar ɗan kamasho a tasha da ya san motar da ke zuwa Tawa da wadda ke zuwa Gaya. Inda ba ta sani ba, sai ta tura ƙunshin ta babbar ƙofar fita, wadda a jadawalin ake rubuta ta da 0.0.0.0. To ƙofar nan ɗaya ake bi a lokaci guda. In an samu biyu, wadda lambar nauyinta ta fi ƙanƙanta ita ke cin nasara, ɗayar kuwa ta zauna banza, ko da ana biyan kuɗinta.

Na taɓa ganin haka a wani biro inda aka ƙara layi na biyu, aka yi wata guda ana murna, sai da faktir ta zo aka gane ko ƙunshi ɗaya bai bi ta sabon layin ba. A Windows, sabon kira yakan ƙwace babbar ƙofa da zarar ya shiga, saboda wani ɗan akwati da ke ɓoye cikin saitin TCP/IP wanda ke cewa a yi amfani da ƙofar rezon nesa. A Linux kuwa akasin haka ne: manhajar pppd ba ta ture ƙofar da ta tarar, sai mutum ya ga kira ya shiga lafiya amma komai yana bin tsohuwar hanya. Umurnin route print a Windows, ko ip route a Linux, yana nuna gaskiyar lamarin cikin daƙiƙa biyu, kuma nan ya kamata mai gyara ya fara dubawa kafin ya zargi waya ko ruwan sama.

Wadda ta fi wahalar ganewa ita ce ta adireshi. Kowane kamfani yana ba ka lambar IP daga cikin nasa. In ƙunshi ya ɗauki lambar kamfani na farko amma ya fita ta ƙofar na biyu, na biyun yana iya jefar da shi ba tare da ya ce maka uffan ba. Ba mugunta ba ce. Tun a shekarar 2000 wata takardar ƙa'ida mai suna BCP 38 ta shawarci kamfanoni su riƙa tare ƙunshin da ke ɗauke da adireshin da ba nasu ba, domin da irinsa ɓarayin intanet ke ɓad da sawu. Alamarta ita ce wasu shafuna su buɗe, wasu su tsaya cak, gobe kuma abin ya juya. Maganinta a tilasta wa kowane ƙunshi fita ta ƙofar da ta ba shi lamba. Linux tana iya wannan tun daga sigar 2.2 ta 1999, ta hanyar ba kowane layi jadawalinsa da umurnin ip rule.

Sai maganar wasiƙa. Masu aiki da Outlook Express sun sha wannan: wasiƙu suna shigowa, amma aikawa ta gagara, sai kuskure mai lamba 550. Dalili shi ne a wancan lokaci gidajen wasiƙar kamfanoni da yawa ba sa karɓar aike sai daga wanda ya shigo ta layinsu. Ka kira ta kamfani na biyu, ka zama baƙo ke nan. Ko dai ka canza sunan uwar garken aikawa duk lokacin da ka canza layi, ko ka koma Yahoo, kamar yadda akasarin ƴan sibar suka yi ba tare da sun san dalili ba.

DNS ma haka take, wato littafin da ke mai da sunan shafi lamba. In an rubuta na kamfani na farko da hannu, yana iya ƙin amsa wa wanda ya zo ta layin wani. Gwajin ba wuya: a yi ping da lamba, sannan a yi da suna. Lamba ta amsa suna bai amsa ba, to hanya lafiya lau take, littafin ne matsala.

Akwai kuma kuskuren da masu sayar da kaya ba su cika gyara wa mutane ba, cewa layi biyu yana ninka gudu. Tsarin ɗaure layuka biyu su zama ɗaya, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 1996, ba ya aiki sai duka kiran biyu sun sauka a kamfani ɗaya da ya yarda da shi. Da kamfanoni daban-daban, abin da aka fi samu shi ne a raba masu aiki, wasu nan wasu can. Mai sauke babban fayil yawanci zai ci gaba da jira kamar da.

Mai biro ko shago da ya haɗa akwatin intanet na waya da na kati a yau ya duba abu ɗaya tun kafin ya kira mai gyara: akwatuna da yawa suna fitowa daga masana'anta da adireshi iri ɗaya, 192.168.1.1 ko 192.168.0.1. In biyun suka yi karo, a canza na ɗaya zuwa 192.168.2.1, a kashe rabon adireshi a ɗaya daga cikinsu, sannan a cire wayar layi na farko da gangan a ga ko na biyu zai ɗauka.