OC-3 ko STM-1: Lissafin da ya kamata jami'in gwamnati a Jos ya iya kafin ya sa hannu

Jos na cikin garuruwan da cibiyoyin gwamnatin tarayya suka yi wa yawa. A nan hedikwatar Asusun Horar da Ma'aikata na ITF take, ga Jami'ar Jos da asibitin koyarwarta, ga Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Ƙasa a Kuru, ga kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi a Vom. Kowace daga cikinsu tana sayen layin intanet da kuɗin jama'a, kuma wanda ke sa hannu a takardar kwangila galibi jami'in mulki ne ko na kuɗi, ba injiniya ba. Idan kamfani ɗaya ya rubuta STM-1 a tayinsa, na biyu ya rubuta OC-3, na uku kuma ya ce megabit 155, jami'in zai iya zaton kaya uku ne daban-daban. Abu guda ne aka kira da sunaye uku.

Tushen ruɗanin tsoho ne. Tun zamanin wayar tarho ake mayar da muryar mutum lambobi ta hanyar auna ta sau 8,000 a daƙiƙa, kowane awo da bit 8, abin da ke ba da kilobit 64. Amurka ta haɗa irin waɗannan layuka 24 ta kira su T1, mai megabit 1.544. Turai ta haɗa 32, biyu daga ciki na kula da layin, ta kira su E1, mai megabit 2.048. Najeriya ta bi tsarin Turai. Da wayar fayiba ta zo, wato zaren gilashi mai ɗaukar saƙo ta hanyar haske, sai Amurka ta fito da tsarin SONET a shekarun 1980, hukumar sadarwa ta duniya kuma ta amince da takwaransa SDH a 1988. Sunayen OC na SONET ne, na STM kuma na SDH.

An yi dabara wajen daidaita su. Matakin farko na SONET, OC-1, megabit 51.84 ne a daƙiƙa. Matakin farko na SDH, STM-1, ninki ukunsa ne daidai: 155.52. Saboda haka duk lambar OC da aka raba uku, lambar STM ce ke fitowa. OC-3 shi ne STM-1, OC-12 shi ne STM-4 mai megabit 622.08, OC-48 shi ne STM-16 mai 2,488.32, OC-192 kuma STM-64 mai 9,953.28, wanda 'yan kasuwa ke cika shi su ce gigabit 10. Wanda ya riƙe 51.84 da wannan rabon ba ya buƙatar wani jadawali.

Jami'ar Jos ta san wannan adadi a aikace. Lokacin da aka ƙaddamar da NgREN a 2014, hanyar sadarwar da ta haɗa jami'o'in tarayya 27, layin megabit 155 aka tsara wa kowace jami'a, wato STM-1.

Sai dai inda kuɗi ke zurarewa ba a sunan ba ne, a abin da ke cikin layin ne. STM-1 na aika ƙunshi 8,000 a daƙiƙa, kowane ƙunshi jeri 9 ne mai bayit 270, jimilla bayit 2,430. Daga ciki akwai kason da na'urori ke amfani da shi wajen kula da layin da gano kuskure, don haka abin da ya rage wa mai saye bai wuce megabit 150 ba. Idan kuma aka yanka layin zuwa E1, guda 63 kawai yake ɗauka, kimanin megabit 129 ke nan. Wanda ya raba 155.52 da 2.048 ya samu 75, ya kuma rubuta haka a kasafi, ya yi alƙawarin layuka 12 da babu su. Kamar buhu ne da aka auna da nauyin algararsa, sai dai a nan algarar tana da ɗan nauyi.

Akwai kuma bambancin bit da bayit, wanda ya fi kowane yawan haddasa saɓani tsakanin ofis da ɗan kwangila. Kamfanoni da bit suke sayarwa, kwamfuta kuma da bayit take nuna saurin sauke fayil, bayit ɗaya kuwa bit 8 ne. Layin STM-1, ko da babu kowa a kansa, ba zai kai megabayit 20 a daƙiƙa ba. Ma'aikacin da ya ga 18 a allonsa ba lallai ne an cuce shi ba. Wanda ya ga 4 da tsakar dare, yana da dalilin rubuta takardar tuhuma.

Gaskiya ne cewa duniya na barin waɗannan tsare-tsare tana komawa Ethernet, inda ake sayen megabit 100 ko gigabit 1 kai tsaye. Amma sunayen sun zauna a bakin masu sayar da layi a sari, kuma SDH ya bar gado guda da ya cancanci a nema a kowace kwangila: idan aka shimfiɗa layi a matsayin zobe, waya ta tsinke a gefe ɗaya, saƙo na juyawa ta ɗaya gefen cikin kashi 50 cikin dubu na daƙiƙa, kafin mai magana ya lura. Ga gari irin Jos, da ke kan tsauni nesa da Legas inda wayoyin ƙarƙashin teku irin su SAT-3 da MainOne suka sauka, kuma a ƙasar da aikin titi ke yawan tsinke fayiba, tambayar ko layin na da hanya ta biyu ta kai tambayar saurinsa muhimmanci.

Dokar Bayar da Kwangiloli ta 2007 ta wajabta a kwatanta tayin 'yan kwangila bisa ma'auni guda. A harkar layin intanet, hakan na nufin a sa kowane kamfani ya rubuta megabit nawa ne za su iso ofis bayan an cire kason na'ura, ko layin na ofishin ne shi kaɗai ko raba shi za a yi da wasu, da kuma ta wace hanya zai bi ranar da aka tsinke ta farko.