Yadda Ake Haɗa Shamakin Zafi Na Kafireta Don Tsohuwar Fijo 504

Akwai wata larura da masu tsofaffin motoci suka san ta sarai, musamman daga watan Maris zuwa Mayu. Mota ta tashi lafiya lau da safe, ta yi tafiyar awa guda ko tari ba ta yi ba. Sai ka tsaya cin abinci, ka kashe ta na minti 15. Da ka dawo ka murɗa makulli, inji ya yi ta juyawa ya ƙi kamawa, warin fetur ya cika hanci. Kana matsa mata batir yana yin sanyi, ƙarshe sai an nemo masu turi.

Akasari akan ɗora laifin a kan batir ko fulogi. Amma sau da yawa zafi ne ya haddasa: fetur ne ke tafasa a cikin kafireta. Maganinsa kuwa wani ɗan faranti ne da kaurinsa bai wuce na wayar da ke hannunka ba, ana saka shi tsakanin kafireta da inji. Masu sayar da kayan gyara na kiransa sifesa, mu kuma za mu kira shi shamakin zafi.

Me ya sa Fijo 504?

Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, ta kuma lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kaduna, inda aka ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da daina ƙera ta. Shi ya sa har yau ba a rasa ta a garejin gidaje, kuma matasa da dama sun fara farfaɗo da wadda suka gada. Mafi yawan waɗanda ke ƙasar nan masu kafireta ne, babu kwamfuta a cikinsu balle na'urar da za ka jona da waya ta faɗa maka ciwon. Bayanin nan zai yi aiki a kan kusan duk wata tsohuwar mota mai kafireta.

Yadda zafi ke dafa mai

Aikin kafireta shi ne gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. A jikinta akwai ɗan kofi da ke riƙe da mai a koyaushe. Ita kuma tana zaune ne a kan manifol, wato bututun ƙarfen da ke raba wannan gauraye ga silindoji, wanda yake manne da kan inji.

Lokacin da mota ke tafiya, ruwan inji yakan tsaya tsakanin digiri 80 zuwa 90, amma kafireta ba ta jin jiki, domin iska na ratsa ta, sabon mai na shigowa, fanka na kaɗawa. Da zarar ka kashe inji, duk waɗannan sun tsaya cak. Zafin da ke jibge a cikin ƙarfe sai ya bi manifol ya haura kafireta.

Shi kuwa fetur ba kamar ruwa ba ne da ke jiran digiri 100. Haɗin sinadarai ne iri-iri, kuma mafi sauƙinsu kan fara tafasa tun wajen digiri 35 zuwa 40. A Kano, Sakkwato ko Maiduguri, zafin rana kaɗai yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. Idan man kofin ya tafasa, sai ya tumbatsa ya zuba cikin manifol. Inji ya sha mai fiye da kima, fulogi su jiƙe, mota ta ƙi tashi.

Tabbatar da ciwon kafin magani

Kada ka yanka komai sai ka gwada. Bayan doguwar tafiya, kashe motar, ka cire matatar iska, ka jira minti biyar zuwa goma. Haska tocilan wayarka cikin maƙogwaron kafireta. Idan ka ga mai na ɗiga, ko tururi na tashi, ko ka ji ƙarar tafasa, to ka kama ɓarawon. Wata alamar ita ce, idan ka take totur har ƙasa ka riƙe, motar takan tashi da baƙin hayaƙi.

Idan kuma mai na ɗiga ko da inji na da sanyi, matsalar allurar kofin mai ce ko fulot, shamaki ba zai yi komai ba. Sannan ka leƙa ƙarƙashin kafiretar. Motoci da yawa sun zo da irin wannan faranti tun daga kamfani, sai dai ya tsage ko an yar da shi a wani gyaran baya.

Zaɓen abin da za a yi shi da shi

Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. A cikin wayarka, kamfanoni na saka jan ƙarfe da girafayit don su kwashe zafi daga furosesa da sauri. A nan akasin haka ake nema, wato abin da zafi ke wahalar ratsawa. Alminiyom tsantsa na ɗaukar zafi da ma'auni sama da 200, alhali fenolik bai kai ko 1 ba a wannan ma'aunin. Saboda haka shamakin alminiyom kwalliya ce kawai.

Fenolik shi ne zaɓi na farko. Dangin Bakelite ne, robar da Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907, irin baƙin mariƙin tukunya da ba ya ƙona hannu. Ana samun sa a falle mai ruwan ƙasa wurin masu sayar da kayan lantarki na masana'antu da masu naɗin taransifoma. Fetur ba ya cin sa, zafi ba ya narkar da shi. Nemi sabo mai kaurin milimita 6 zuwa 10. Guji tsofaffin allunan lantarki da ba ka san asalinsu ba, domin wasu na ɗauke da asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo cutar daji.

Katako mai tauri yana tare zafi sosai, har masu tseren motoci a Amurka na amfani da shi. Illarsa ita ce yana shan mai, yana iya tsagewa, don haka na wucin gadi ne.

Masu firintar 3D kuma su yi hattara. Robar PLA na fara laushi tun wajen digiri 60, ita kuwa ABS fetur na lalata ta. Ka iya buga samfuri don gwada ko ramuka sun dace, amma kada ka ɗaura shi a kan inji.

Matakan aiki

1. Bari inji ya huce sarai, ka cire kan batir na nagetif. A yi aikin a fili, nesa da sigari da janareta.

2. Ɗauki hotuna da wayarka ta kowane ɓangare kafin ka kwance komai: wayar totur, ta cok, tiyon mai da sifirin. Su ne za su cece ka lokacin mayarwa.

3. Cire kafireta, ka toshe bakin manifol da tsumma mai tsabta. Noti ɗaya ya faɗa ciki, sai an sauke kan inji.

4. Sayi sababbin gasket guda biyu. Ɗora ɗaya a kan fallen fenolik ka zana shi da fensir. Idan kafiretarka mai maƙogwaro biyu ce, ka bi zanen gasket ɗin yadda yake.

5. Fara huda ramukan ƙusoshi, ka gwada a kan manifol. Sai ka huda manyan ramukan, sannan ka yanke gefe. Ɗora katako a ƙasa yayin hudawa don kada bakin ramin ya farfashe. Sa takunkumi da tabarau, ƙurar fenolik na da illa ga huhu.

6. Gyara cikin ramukan da magagari har su yi daidai da maƙogwaron kafireta. Idan sun yi ƙanƙanta, murfin totur zai iya maƙalewa a buɗe, wannan kuwa haɗari ne a kan titi.

7. Shimfiɗa sanfefa a kan gilashi, ka zazzana fensir a fuskar farantin, ka goga har zanen ya ɓace baki ɗaya. Yi haka a fuska biyun, sannan ka wanke ƙurar.

8. Sauya ƙusoshin manifol da waɗanda suka fi su tsawo gwargwadon kaurin da ka ƙara. Jera su haka: gasket, shamaki, gasket, kafireta. Kada ka shafa silikon, fetur na kumbura shi ya shige ya toshe hanyoyin mai.

9. Ɗaure notocin a hankali, ɗaya nan ɗaya can a gicciye. Gindin kafireta ƙarfe ne mai laushi, ƙarfin tuwo na lanƙwasa shi.

Gwaji kafin hawa titi

Tun kafin ka tayar, taka totur ka saki, ka ga ya buɗe sosai ya kuma koma da kansa. Sauke bonet a hankali ka tabbatar matatar iska ba ta taɓa shi ba. Bayan ka tayar, duba kowane mahaɗin tiyo. Ɗigon mai ɗaya a kan salansa mai zafi ya isa ya cinye mota, don haka abin kashe gobara ya kasance kusa.

Sai ka fesa ruwa kaɗan kewaye da shamakin inji na aiki. Idan sautinsa ya sauya, iska na satar hanya. Kada ka ƙyale wannan, domin ƙarancin mai a cikin gauraye na ƙara wa inji zafi, har ya kai ga ƙona bawul. Idan kana da ma'aunin zafi na infrared, ko kyamarar zafi irin FLIR One da ake jonawa da waya, auna kofin mai minti goma bayan kashe mota, kafin aikin da bayansa, ka ga bambancin da idonka. Bayan tafiya biyu ko uku, sake taɓa notocin, domin sabon gasket yakan kwanta.

Iyakar abin da zai iya

Shamaki yana tare zafin da ke haurowa ta manifol ne kaɗai. Idan tiyon mai ya bi kusa da salansa, mai zai tafasa tun a hanya, sai an janye tiyon. Idan lagireto ya toshe, sai an wanke shi. Ba kuma zai ƙara wa motarka wani gudun a zo a gani ba. Abin da zai ba ka shi ne motar da za ka kashe da tsakar rana ka dawo ta tashi da murɗa ɗaya. Idan wannan ne karonka na farko da taɓa kafireta, yanka farantin da kanka, amma ka ɗaura shi a gaban bakanike wanda ya san Fijo.